Na kwaso kuɗin cizo daga masauki, ya zan yi da su?

Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Wata biyu da suka wuce na je Legas saro kaya, na kwana uku a wani masauki kusa da tasha, tun daren farko na tashi da cizo a jere a hannu da wuya, na ɗauka sauro ne. Ashe kuɗin cizo ne, sun bi jakata har Kano.

Yanzu sun cika ɗinkin katifa da tsagar katakon gado, ga ɗigon baƙi-baƙi a zanin gado. Na shanya katifa a rana, na wanke kaya da tafasasshen ruwa, na goge su da ayan, na fesa fiya-fiya sau biyu amma bayan kamar kwana 10 sai ƙanana su sake fitowa, da alama ƙwan ne maganin baya kashewa. Kuma wallahi tsoron fiya-fiyan nake, yarinyata 'yar shekara 2 a ɗakin take kwana, duk jikinta ya yi ruɗu-ruɗu.

Me ke kashe ƙwan? Katifar yarwa zan yi ko za ta gyaru? Sannan wata mai zuwa zan koma Legas, me zan duba a ɗaki kafin in ajiye jaka?