Ware wa shafukan batsa adireshinsu daban zai kare mana yara?

Maman Safiya: Assalamu alaikum. Daren jiya na karɓi wayar ɗana mai shekara 11 zan duba masa aikin makaranta, abin da na gani ya hana ni runtsawa. Maƙwabciyata ta ce da za a tattara shafukan batsa a ba su adireshi iri ɗaya, da sai a toshe su lokaci guda a huta. Maganar ta shige ni.

Injiniya: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Ai an gwada. Hukumar ICANN, mai kula da sunayen adireshin intanet, ta ƙi amincewa da .xxx, wato ƙarshen adireshi na musamman don shafukan batsa, a 2006 da 2007, sannan ta amince a watan Maris na 2011 bayan kamfanin ICM Registry ya daɗe yana naci. Sai dai ba a tilasta wa kowa ƙaura ba. Manyan shafukan suka yi zamansu a .com, wasu ma suka sayi sabon adireshin suka riƙe biyu.

Malam Babba: To ka ga ba shawarar ce da laifi ba, Injiniya. Rashin tilastawa ne. Ƙungiyar masu sana'ar a Amurka, Free Speech Coalition, ta yaƙi .xxx ne don tsoron kada gwamnatoci su tura su can su rufe ƙofa. Abin da mai ɓarna ke tsoro, akwai magani a cikinsa.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, wa zai tilasta? A 2006 wasu sanatoci biyu, Max Baucus da Mark Pryor, sun kawo ƙudurin tilastawa a majalisar Amurka, bai zama doka ba. Ko da ya zama, shafin da ke zaune a wata ƙasa ba ruwansa da dokar Amurka. Sannan wa zai yanke cewa wannan batsa ne, wancan ilimi? Shafin da ke koya wa mata duba kansar mama da hotuna, ina za a kai shi?

Baban Umar: Ni damuwata daban ce. Ba su unguwarsu tamkar ba su lasisi ne. Wannan ne ya sa ƙungiyar Kiristoci ta Family Research Council ta ƙi abin tun 2005. Kuma yaro mai wayo ka nuna masa inda aka tara abin ke nan.

Malam Babba: Duk da haka rage mugun iri ya fi barin sa. Ko kashi ɗaya cikin goma aka toshe, wani yaron ya tsira.

Injiniya: Hajiya, don Allah a wane shafi kika gan shi?

Maman Safiya: Ba shafi ba ne. A rukunin WhatsApp na 'yan ajinsu ne, wani ya turo bidiyo uku. Da na tsananta tambaya ya ce a lokacin tara ma suna tura wa juna ta Xender, ko data ba sa buƙata. Yana faɗa yana kuka.

Injiniya: Wannan kam babu adireshin da zai tare shi. Ki sa masa Family Link na Google, manhajar da iyaye ke kula da wayar yara da ita, a wayar, ki cire Xender, ki kashe saukar bidiyo kai tsaye a WhatsApp. Wayar kuma ta riƙa kwana a ɗakinki.

Maman Safiya: Zan yi insha Allahu. Gobe da safe kuma zan je in ga shugaban makarantar, don iyayen sauran yaran ba su san halin da ake ciki ba.