Mu da muka fito daga kwalejin ilimi, me muka taɓa mayar mata, kuma yaya aka ƙare?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum malamai. 'Yan ajinmu sun ɗora min sakatare, ba don na fi kowa ba, sai don ni kaɗai na rage a Zariya. Shekara biyu ke nan muna karo-karon naira dubu bibbiyu duk wata, yanzu kuɗi sun ɗan taru, kai kuma ya rabu. Wasu sun ce a gina rumfar zama a rubuta sunan ajinmu a jiki, wasu sun ce a biya wa ɗaliban kwalejin kuɗin rajista. Za mu zauna bayan sallah. Wanda ya taɓa yin irin wannan, ko NCE (takardar shaidar malanta) ya yi ko digirin ilimi, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Tsohon Ma'aji:
Wa alaikumus salam. Malam, zauna ka ji namu, don mun riga ku shan wannan ruwan. Mu rijiyar burtsatse muka yi kusa da ɗakin kwanan ɗalibai mata. Kowa ya san Zariya da matsalar ruwa, kuma duk cikinmu babu wanda bai taɓa bin ɗan garuwa da bokiti da asuba ba, shi ya sa ba a yi gardama ba. Aka haƙa, aka sa sumo, aka ɗora tanki biyu a kan ƙarfe, aka kafa allo da sunanmu manya-manya. Ranar buɗewa har da shinkafa da lemo.

Ba a yi shekara ba sumo ya ƙone. Sai a ranar muka gane cewa ko sisi ba mu ware na gyara ba, duk mun zuba a gini da walima. Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ba da dubu ashirin ranar gidauniya ya kasa ba da dubu ɗaya ta gyara, don gyara ba a ɗaukar masa hoto. Wata bakwai tankin nan yana tsaye a bushe, allonmu na sheƙi a gefensa. Na taɓa wucewa na tarar wata yarinya ta shanya hijabinta a kan allon. Wallahi ban ji haushinta ba, ita ce ma ta samar masa amfani.

Daga baya muka koma sola, muka ba wani mai gyaran famfo na unguwar ɗan abin hasafi duk wata yana leƙawa. Tun sannan ruwa bai yanke ba. Laifin namu ne, ba na kowa ba.

Maman 'Yan Biyu:
Ni namu ƙarami ne, har kunyar faɗa nake a gaban masu burtsatse. Da goyo na yi karatuna. Lokacin jarrabawa ƙanwata 'yar shekara goma sha ɗaya nake zaunarwa a gindin darbejiya da jariri, ina rubutu ina jiyo kukansa ta taga, nono na zuba har ya jiƙa min riga. Wadda ba ta yi ba ba za ta gane ba.

To mu mata takwas da muka gama tare muka nemi izini aka ba mu aron wani ɗaki lokacin jarrabawa kawai. Muka sayi tabarmi, da katifu ƙanana, da fanka, da bokiti mai murfi, muka ɗauki dattawan mata biyu su riƙa rainon jariran ɗalibai, muna biyansu na makonnin. Shi ke nan. Bara wata ta tare ni a kasuwar Sabon Gari ta riƙe hannuna tana ta addu'a, ni ban ma santa ba. Ta ce mijinta cewa ya yi ta ajiye karatun sai ta yaye, ɗakin nan ne ya sa ya haƙura.

Baba Hedimasta:
'Ya'yana, ku yi haƙuri tsoho zai sa baki. Ni na yi kwalejin ilimin nan ta Gyallesu a Zariya tun ana ce mata ATC, wato babbar kwalejin horar da malamai, wadda aka kafa a 1962, shekara ɗaya da Jami'ar Ahmadu Bello. Yau ga ta ta zama jami'ar ilimi ta tarayya, Allah ya ƙara ɗaukaka. A zamaninmu abinci ake ba mu, ga alawus, kuma da aka fara UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976 nemanmu ake yi kamar ruwa a jallo. Saboda haka bashin da ke wuyan irinmu ya fi naku nauyi, kuma ban ce mun biya ba.

Abin da nake so ku cire a ranku shi ne gwada kanku da tsofaffin ɗaliban Barewa. Makarantar da ta fitar da Tafawa Ɓalewa da Gowon da Murtala da Shagari da 'Yar'aduwa, in ta kira taro ai motocin da za su zo kaɗai sun ishe ka kallo. Mu kuwa wa muke fitarwa? Malaman firamare da na sakandare, masu jiran ƙarshen wata. Kowa ya yi rawa daidai da gangarsa. Ni abin da nake iyawa, duk azumi nakan aika da buhun gero da sukari masallacin ɗalibai a dama kunun buɗa-baki. Yaron da ya zo daga nesa ba shi da kowa a gari, kofin kunun nan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Ɗan Samaru:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Amma ni ina bayan masu gini. Kuɗin rajista yau ka biya, baɗi an manta. Ku dubi ɗakunan kwanan da Ɗangote ya gina wa ABU, har gobe yara na kwana a ciki. Ita ce sadaka mai gudana.

Tsohon Ma'aji:
Malam Ɗan Samaru, ka kawo Ɗangote cikin zancen masu dubu bibbiyu? Gini yana da masu shi. Ka zaga manyan makarantun garin nan ka ƙirga gine-ginen da ke ɗauke da sunan TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu. Kuɗin haraji ne da ake cira daga ribar kamfanoni, kuma dokar 2011 ta raba shi kashi biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin fasaha, ɗaya ga kwalejojin ilimi. Kuɗinku duka ba za su yi harsashin irin wannan ginin ba. Ku nemi abin da babban kuɗi ba ya gani.

Malamin Lissafi daga Giwa:
Abin da babban kuɗi ba ya gani shi ne TP, wato lokacin da ake tura ɗalibai makarantu su koyi koyarwa a aji. Ni a makarantar da nake koyarwa ake turo mana masu koyon koyarwa, saboda haka a gabana ake yi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na ga canji. Yaro zai zo Litinin da Talata, ranar Laraba babu shi, sai ya ji ƙishin-ƙishin mai duba su zai zo sannan ya ranto kuɗin mota. Ba lalaci ba ne. Akwai wani da na lura kullum ƙafarsa fari fat da ƙura, ashe daga bakin titi yake takowa don ya rage na acaɓa, kuma da garin kwaki a leda cikin jakarsa, shi ne kalaci shi ne na rana. Ga kwali da maka na kayan koyarwa duk daga aljihunsa.

Mu shida muka haɗa, muka ɗauki yara goma muna ba su kuɗin mota mako-mako har suka gama. Mako-mako fa, ba a dunƙule ba. Wanda muka fara ba wa a dunƙule ya aika wa mahaifiyarsa asibiti, ban ga laifinsa ba, amma TP ɗin ya sha wuya.

Ɗan Samaru:
To ai yanzu akwai NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ɗalibai. Tun 2024 ana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, ana ba shi dubu ashirin duk wata, ba ruwa a kai.

Malamin Lissafi daga Giwa:
Akwai, kuma mun sa da yawa sun cika. Amma rance ne, wasu iyayen da sun ji kalmar bashi sai su ce a'a. Sannan ka lissafa kuɗin mota daga cikin gari zuwa Giwa kwana biyar a mako, ka gaya min abin da zai saura a dubu ashirin.

Wadda Aka Taɓa Biya Wa:
Ku ba ni dama in yi magana daga ɗaya ɓangaren. Ina aji biyu mahaifina ya rasu, wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta biya min rajista. Har in mutu ina yi musu addu'a. Sai dai ranar da za a ba mu, an jera mu a gaban jama'a, kowa riƙe da ambulan, aka kira sunana da lasifika aka ce marainiya, aka yi ta hoto. Washegari ga ni a Facebook. Mako guda ban shiga aji ba. Akwai ƙawata da ta fi ni buƙata, da ta ga haka ta ƙi rubuta sunanta a shekarar da ta biyo, ta koma gida.

Yanzu da nake cikin masu bayarwa, sharaɗina ɗaya ne: a karɓi lambar biyan kuɗin yaro a biya kai tsaye, a tura masa rasit, kada ya san fuskar kowa. Kuma Malam Sakatare, ku kula da zaɓe. A namu an taɓa kawo sunaye bakwai, huɗu 'ya'yan 'yan kwamiti ne da ƙannen matansu. Sai da muka koma tambayar malaman sashe da shugabannin ɗalibai na masallaci da na coci, su suka san wanda ke kwana da yunwa.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri, Malama, wannan ta taɓa ni, don har mun yi maganar mai hoto. Zan karanta wa 'yan ajinmu duka yadda kuka rubuta. Malam Ma'aji, tambaya ta ƙarshe: kuɗin a asusuna suke tun farko, kuma na fara jin ƙananan maganganu.

Tsohon Ma'aji:
Fitar da su gobe-goben nan, tun kafin zumunci ya lalace. Ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, biyu su isa a cire, kuma a sa mace a ciki. Duk ƙarshen wata ka tura wa kowa takardar banki ko ba a tambaye ka ba. In kun zo buɗewa ka neme ni, ina nan Ƙofar Doka, kundin tsarinmu na nan a wurina sai ku kwafa ku gyara.