Yaro mai baiwa: wace makaranta?

Ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar da aka yi kan makarantar da ta dace da yaro mai baiwa:

1. Kusan kowa ya yarda a fara zama da malamin aji. Yaron da ke gama lissafi nan take ya koma tsokanar na kusa da shi, a ƙara masa aiki mai wuya, a ajiye bulala.
2. An fi ambatar makarantar masu baiwa ta Suleja, wadda NECO ke shirya jarrabawar shigarta, sai ta Bamaina a Jigawa da kwalejojin kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu.
3. Kada a yanke masa Islamiyya ko lokacin wasa.
4. Tsallaken aji ne ya raba kawuna. Wasu sun ce aji ɗaya ba laifi, wasu kuma suna tsoron jefa ɗan shekara 9 makarantar kwana cikin manya. Gaskiya ni ma wannan tsoron nake ji.