Gasar bolin ta masu sha'awa a Amurka: abin da aka tsayar kan raguwar kyauta

Ga taƙaitawar shawarwarin da aka bayar a tattaunawa kan abin da ya sa kuɗin kyauta ke raguwa a gasar bolin (wasan gangara ƙwallo a kayar da sanduna) da yadda za a gyara.

1. Kowa ya yarda tushen matsalar yawan jama'a ne. A ƙarshen shekarun 1970 masu rajistar lig (gasar ƙungiyoyi ta mako-mako) sun haura miliyan 8, yau a ƙarƙashin USBC, hukumar wasan bolin ta Amurka, ba su kai miliyan 2 ba. Kuɗin kyauta daga kuɗin shiga yake fitowa, idan kai ya ragu, tukunya ta ragu.

2. A raba kuɗin shiga a fili tun a fom: na kyauta, na hayar layi (hanyar da ake gangara ƙwallo), na hidima. Hayar layi na tashi, ita ke cinye kyautar ba a sani ba.

3. Ƙarin makin rangwame, wato makin da ake ƙara wa mai ƙarancin maki don ya iya karawa da gwanaye, nan aka fi daɗewa. Misali kashi 90 na tazarar da ke tsakanin matsakaicin makin mutum da 220: mai matsakaicin maki 170 zai samu 45 kowane wasa. Masu ɓoye ƙarfi suna rage makinsu da gangan a lig, su zo gasa su kwashe. Magani: a ɗauki matsakaicinsa mafi girma na shekarun baya, kuma duk wanda ya ci a sake masa awo.

4. Ra'ayi ya rabu kan rabon kyauta. Wasu na son a biya mutum 1 cikin 4 ko 5, don matsakaita su dawo. Wasu sun ce sai kyautar farko ta yi kauri mutum zai biya kuɗin mai da na otal ya zo.

5. Salon shafa mai a kan layi ma ya raba ra'ayi: mai sauƙi na jawo sababbi, mai wuya na tace gwanaye. Mafi yawa sun zaɓi a sanar da shi kafin a buɗe rajista.