Neman kalma: me za mu kira man da ake tatsa a gona a zuba wa injin dizal?

Mai Shirin Safe: Assalamu alaikum malamaina. Ina cikin matsi. Gobe da ƙarfe bakwai na safe zan karanta wani rahoto a shirinmu na noma, ga shi har an yi la'asar ban gama fassara ba. Rahoton a kan wasu manoman Jamus ne da ke tatsar mai daga wani iri mai fure ruwan ɗorawa, ɗan'uwan kabeji, su zuba wa taraktocinsu maimakon dizal. Kalmomi biyu suka tsaya mini. Ta farko bayodizal. Ta biyu haruffa uku suke rubutawa, SVO, wato man da aka tatso aka tace aka zuba a tanki yadda yake. Na so in kira duka biyun "man girki na mota" in huta, sai na ga marubucin ya dage abu biyu ne daban. Don Allah a taimaka kafin isha.

Ɗan Fagge: Na biyun ai ba wuya. Ɗanyen mai.

Mai Shirin Safe: An riga mu, Yaya. Ina faɗin ɗanyen mai, hankalin mai sauraro ya tafi Neja Delta da farashin ganga.

Malam Nahawu: Wa alaikumus salam. 'Yata, kafin a yi nisa, kada ki kuskura ki faɗi "bayodizal" a iska. Halinmu ke nan, Bature ya yi atishawa mu rubuta ta da baƙaƙenmu mu ce mun fassara. Shekara uku ina koya wa ɗalibaina kalmar da na ƙirƙira da kaina: maitsiro. Mai da tsiro, a haɗe, kalma guda, gaɓa uku, ba nauyi a baki. Waɗanda suka ba mu jirgin sama da na'ura mai ƙwaƙwalwa da yanar gizo ba kai biyu ne da su ba.

Oga Bakanike: Allah gafarta Malam, ni ba ɗan boko ba ne, amma in ka shiga tasha ka ce kana neman mai tsiro, wallahi wajen mai maganin gargajiya za a kai ka, wannan mai lasifika a kan mota. Basir mai tsiro.

Ɗan Fagge: Hhhh Oga ka gama da ni.

Malam Nahawu: Dariya ba hujja ba ce. Mai na tanki faɗuwa yake yi a murya, mai na mallaka a ƙasa yake. Duk Bahaushe yana jin bambancin.

'Yar Jami'a: Haka ne Baba, kunne yana ji, amma takarda ba ta nunawa, kuma mai karanta labarai daga takarda yake ɗauka. Sannan da izininka, mai ba ya zama gaban wani suna tsirara haka. Man gyaɗa, man shanu, man kaɗe, man fetur. Ko manja da muke rubutawa a haɗe, n ɗin tana nan daram. In dai da tsiro za a yi, to man tsiro ne, ko man tsirrai, wanda ya fi kuɓuta daga mai lasifikar Oga.

Oga Bakanike: Ku bar ni in faɗi abin da na sani, don marubucin nan yana da gaskiya da ya raba su. Injin gas, wato na dizal, ba ya da fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafi, nozul ya fesa mai kamar hazo, ya kama da kansa. To man gyaɗa kauri gare shi. In ka zuba shi da sanyinsa, nozul ba ya fesawa, tsartuwa yake yi. Ba ya ƙonewa duka, sai ya bar baƙin danƙo a bakin nozul da ringi, ragowar ta zurara ta gauraya da baƙin mai, wata rana ka kwance ka tarar da shi kamar talge. Ba ranar farko motar za ta nuna maka ba, shi ne mugun abin. Za ta tashi, ta yi gudu, mai ita ya yi ta yabon kansa, bayan wata da watanni a jawo mana ita da igiya. Masu yin abin da gaske tanki biyu suke sawa. A tayar da gas, ruwan lagireto ya dumama man ɗaya tankin har ya tsinke, sannan a juya masa. Kafin a kashe mota kuma a koma gas ya wanke famfo da bututu, in ba haka ba da safe sai turi. Tsofaffin Marsandi da injin niƙa irin Lista suna da haƙurin wannan. Sababbin nan masu kwamfuta kuwa, ko da wasa. Manja a hunturu ma ban san ta inda za a fara ba, abin da ke daskarewa a galan.

Malamar Kemistiri: Oga ya gama rabin aikina. Kaurin nan ya kai ninki goma na dizal, shi ya sa ake dumama shi zuwa wajen digiri 70 ko 80. Hanya biyu ce: ko ka gyara injin ya karɓi man, ko ka gyara man injin ya karɓe shi. Ta biyun ita ce bayodizal. Ana narka soda, irin ta yin sabulu, a cikin wani ruwan sinadari mai suna metanol, kusan kashi ɗaya na metanol ga kashi biyar na mai, a juya a cikin mai mai ɗumi, a bar shi ya kwanta. Gilisarin, wanda shi ne tushen kaurin, sai ya sauka ƙasa, na sama kuma a wanke a busar. Wannan yana shiga injin dizal ba tare da tanki na biyu ba, kuma galibi gauraya shi ake yi da dizal na rijiya. In kin ga B20 a rahotonki, kashi 20 cikin ɗari ke nan. Indonesiya ta kai nata zuwa kashi 40 a 2025, da manja. Ƙanwata, ko wace kalma kika ɗauka, ki faɗa musu metanol guba ne, yana makantarwa, kada wani ya ji a rediyo ya ɗora tukunya a tsakar gida. Shawarata: na farko "dizal ɗin tsirrai", na biyu "man tsirrai zalla".

Malam Nahawu: Dizal kuma? An gudu ba a tsira ba. Kun cire rabin Turancin kun bar rabi.

Malamar Kemistiri: Allah gafarta Malam, dizal ba Turanci ba ne, sunan mutum ne. Rudolf Diesel, injiniya Bajamushe, an haife shi a 1858 ya rasu a 1913. Sunan mutum ai ba a fassara shi. Kuma labarin ya fi kusa da mu fiye da yadda ake zato. A babban baje kolin Paris na 1900, kamfanin Otto na Faransa ya nuna ƙaramin injin dizal yana aiki da man gyaɗa zalla. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, tana hangen ƙasashen da ta mallaka a Afirka, inda gyaɗa ke da yawa kuma kai musu mai daga waje ke da tsada. Shekara goma sha ɗaya bayan nan jirgin ƙasa ya iso Kano, gyaɗarmu ta kama hanyar Turai a buhu. Ɗaya hanyar kuma, ta bayodizal, wani masanin Beljiyam mai suna Chavanne ne ya yi mata rajista a 1937, da manja, har wata motar safa ta yi jigila da shi tsakanin Brussels da Louvain a 1938.

Direban Tirela: Ni duk ban gane dizal ɗin nan da kuke ta yi ba. Shekara ashirin ina kan hanyar Legas ban taɓa cewa a zuba mini dizal ba. Gas muke cewa. Ku ce gas ɗin gona mana, kowa ya gane.

'Yar Jami'a: Baba Direba, gas ya yi wa kansa yawa. Gas na girki, gas na tirela, yanzu ga na CNG da ake ta juya motoci. In Anti ta ce gas ɗin gona, wasu za su ɗauka wanda ake samu daga kashin shanu ne. Dizal ɗin gona kuma zai zama man da aka saya don tarakta.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ina ta kallonku tun ɗazu. Ku tuna rediyo ba ya tsayawa Jibiya a duba mashi takardu. Mu nan gazuwal munka sani, ba gas ba, ba dizal ba. Abin da kuke ce ma man gyaɗa ma, man gujiya ne wurinmu. Kullum in za a zaɓi kalma sai a zauna Kano a yanke, mu sai dai mu ji.

Ɗan Fagge: To gazuwal ɗin Hausa ce? Faransanci ne fa aka sa wa hula. Kuma gurjiya daban gyaɗa daban, kowa ya sani.

Ɗan Maraɗi: Kowa na Fagge. Gas ɗin naku daga Daura ya zo?

Malam Nahawu: Kun gani? Wannan shi ne abin da nake faɗa. Ɗaya ya ari na Ingilishi, ɗaya ya ari na Faransa, 'yan uwa ɗaya uba ɗaya suna faɗa a kan kayan aro. Da mun tsaya a kan tamu, da Maraɗi da Kano bakinsu ɗaya. Amma yaran yanzu kunyar harshensu suke ji. Mutum ya yi digiri biyu, ya kasa sayen tumatir da Hausa tsantsa.

'Yar Jami'a: Tumatir ɗin ma aro ne, Baba.

Malam Nahawu: Ke dai Allah ya shirye ki.

Mai Shirin Safe: Jama'a an kira magariba, ni ko layi ɗaya ban ƙara ba. Tambaya ɗaya: me zai hana na biyun in ce "man girki zalla"? Tsirrai kamar ya yi kama da ajin firamare.

Ɗan Maraɗi: Kada ki ce girki, Malama. Ba duka ake ci ba. Maƙwabtanmu na Mali da bini da zugu suka yi nasu, wannan da ake shinge da shi. A garin Garalo an kafa injinan wuta da aka shirya don mansa. Sunan kaɗai ya ishe ki gargaɗi, wanda ya ci sai a biyo shi da likkafani. Ga man zurma, ga na darbejiya. Wa zai soya ƙosai da su?

Direban Tirela: Yauwa, tunda an zo kan ƙosai. Wai ma wa zai sayi man gyaɗa ya zuba a tanki, alhali lita ɗayarsa ta fi ta gas tsada? Maigida ya kawo galan, uwargida na jira, ya wuce da shi gareji? Sai dai a raba su a kotu.

Baƙon Ingila: A nan tsada ba daga man take ba, daga haraji take, shi ya sa abin ya yi kasuwa. A 2002 a kudancin Wales 'yan sanda sun riƙa tare motocin da salansarsu ke ƙamshin soyayyen dankali, laifinsu ƙin biyan harajin mai. Daga 2007 aka yafe wa mai yi don kansa har lita 2,500 a shekara. Da yawa kuma tsohon man suya suke karɓa a gidajen abinci, wanda da zubarwa za a yi.

Direban Tirela: Zubarwa! Mai ƙosan unguwarmu sai dai ta ƙara sabo a kan tsoho har Mahadi ya bayyana.

Malamar Kemistiri: Gaskiya in faɗa da bakina, tawa shawarar ma tana da ɓaraka. Ana yin bayodizal da kitsen dabbobi, kitse kuwa ba tsiro ba ne. Kuma in ya zo ba gauraye, B100, shi ma zalla za a ce, sai zalla ta zama biyu. Amma rahoton gobe na manoma ne da irin da suka shuka, zai ɗauke ki.

Mai Shirin Safe: To na tsayar. Bayodizal: dizal ɗin tsirrai. SVO: man tsirrai zalla. A farkon ambato zan ce "dizal, wato gas ko gazuwal", don Baba Direba da mutanen Maraɗi. Kuma zan ari maganar Malama, ko a gyara injin ko a gyara man. Malam, a yi mini afuwa.

Malam Nahawu: Man tsirrai zalla ba laifi, Hausa ce, ko da yake doguwa ce kamar layin gidan mai. Ɗayar kuwa ban sa hannu ba. Maitsiro tana nan a jarrabawar zangon nan, wanda ya rubuta wani abu daban ya san makinsa.

Oga Bakanike: Ku dai ku gama. Ranar da abin ya shigo gareji, "bayo" yara za su ce masa, ba wanda zai tambaye ku.

Mai Shirin Safe: Barkanmu da hantsi. An yi shiri lafiya, na gode ƙwarai. Editana ya sa na ƙara "wanda Turawa ke kira bayodizal" sau ɗaya, Malam a yi haƙuri, ba ni ba ce. Da aka buɗe layi, mutum na farko da ya kira tambaya ya yi ko zai iya zuba man gyaɗa a adaidaita sahunsa. Na ce masa a'a, nasa na fetur ne, ko kusa kada ya gwada. Ya ce to ko rabi da rabi?

Oga Bakanike: Da kin ba shi kwatancen garejina.