Raw Details da ƙara kaifin hoto: aiki ɗaya suke yi?

Ɗalibin Hoto:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina ɗaukar hoto da Fujifilm X-T3, ina gyarawa a manhajar Lightroom. A makon jiya na ɗauki wani dattijo sanye da babbar riga mai aiki, kuma da na ƙara kaifi domin zaren ya fito sosai, sai wasu ƙananan layuka masu lanƙwasa kamar tsutsotsi suka cika jikin shaddar. Na kunna Raw Details, wani zaɓi na Lightroom, suka ragu, amma har yanzu akwai wani farin layi a gefen hularsa. Shin na ninka kaifin ne ban sani ba?

Mai Situdiyo:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ayyukan biyu ba ɗaya ba ne, kuma ɗaya yana rigan ɗaya. Kowane fiksel a idon kyamara launi guda yake gani, ko ja, ko kore, ko shuɗi, saboda haka dole manhaja ta ƙiyasta sauran launuka biyun daga fikseloli maƙwabta kafin hoto ya samu. A wannan mataki Raw Details yake aiki, shi ya sa fayil ɗin RAW, wato ɗanyen bayanin da idon kyamara ya ɗauka, yake buƙata, ba JPEG da kyamara ta riga ta sarrafa ba. Kamfanin Adobe ya fito da shi a 2019 da sunan Enhance Details. Wajen jera launuka a kan fikseloli, yawancin kyamarori suna bin tsarin Bayer, inda rabin fikseloli kore ne, amma taka tana da tsarin X-Trans mai jerin shida sau shida, wanda ƙiyasinsa ya fi wuya, kuma daga nan tsutsotsin suke fitowa.

Shi kuwa kaifi daga baya yake zuwa, kuma aikinsa ƙara bambancin haske da duhu a gefen abubuwa. Ba ya rarrabe zaren gaskiya da kuskuren ƙiyasi, duk abin da ya tarar sai ya ƙarfafa shi. Don haka ka fara da Raw Details, sannan ka mayar da ma'aunan kaifi inda Lightroom yake ajiye su tun farko, wato Amount 40, Radius 1.0, Detail 25, ka faɗaɗa hoton zuwa girmansa na ɗari bisa ɗari kana dubawa. Farin layin nan alamar kaifin da ya wuce kima ne, domin adadin da ka sa tun kafin gyaran ya yi wa sabon hoton yawa.

Tsohon Hannu:
Na yarda da bayanin ɗan'uwana, sai dai ya tsallake Masking, ma'aunin da ke taƙaita inda kaifi zai taɓa, wanda a ganina ya fi muhimmanci a hoton mutum. Ka danne maɓallin Alt yayin da kake jan ma'aunin, za ka ga hoton ya koma fari da baƙi, kuma inda ya yi baƙi kaifi ba zai taɓa shi ba. Ka ja har fatar dattijon ta yi baƙi, aikin rigar da idanu su rage da fari. Idan kuma da ISO mai yawa ka ɗauka, wato ka ɗaga ƙarfin kyamara na jin haske, ka yi amfani da Denoise na 2023, mai rage ɗige-ɗigen da hakan ke kawowa, domin yana haɗawa da Raw Details da kansa.

Ɗalibin Hoto:
Na gode, Allah ya ƙara basira. Ashe Detail ɗina yana kan 80 ne. Na mayar da shi 25, na kai Masking 60, farin layin ya ɓace, zaren aikin kuma ana iya ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya.