Wayin marar barasa: wanda ake sha yanzu da wanda zai jure ajiya a zafin Kano

Maman Sadik, Gwammaja

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka taɓa yi nake nema. Bikin autarmu saura wata huɗu, ni aka ɗora wa abin shan da za a jera a teburin iyaye ranar dina da walima, irin ruwan inabin nan na doguwar kwalba mai takarda ruwan zinare a wuya, wanda muke ce wa wayin. Maigidana ya ce in sayi katan goma yanzu in ajiye tunda kaya kullum tashi suke yi, har yana cewa ai irin wannan abin daɗewa daɗi take ƙara masa. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Sitona a saman bene yake, kwano ne kawai da silin tsakaninsa da rana. Wanne ne kuɗinsa ya dace da shi, kuma zai kai wata huɗu lafiya?

Hajiya Babba, Yakasai

Wa alaikumus salam. 'Yar nan, ki ce wa maigidanki ni ma haka na zata, kunya ce ta koya mini. Wasu kwalabe biyu aka kawo mini tsaraba, masu kyau, na ce waɗannan sai babban baƙo. Na jera su a shogilas tare da tangaran, daidai inda hasken taga ke dukansu kowace la'asar. Shekara biyu suna nan ina goge musu ƙura. Ranar da dangin mijin jikata suka zo gaisuwa na ce a buɗe. Yarinya ta kau da kai tana jiran murfi ya yi tsalle, shiru kake ji, ko fis bai yi ba. Aka tsiyaya, abin da ya kamata ya fito ja ya fito kalar shayin da ya kwana, ɗanɗanonsa kamar sukarin da ya kama a tukunya. Wata dattijuwa a cikinsu ta kurɓa, ta ajiye kofin a hankali ta ce, "Hajiya, a ba mu ruwan randa." Har yau in mun haɗu wajen suna sai ta yi mini murmushin nan.

Na Singa

Hajiya Babba, Allah ya ƙara girma, abin da ya same ki kullum muna faɗa wa masu saye. Shekarata goma sha ɗaya ina sayar da kayan lemo a kasuwar Singa. Maman Sadik, abin da nake yi idan ni zan saya wa gidana ke nan.

Kafin ki tambayi kuɗi ki juya kwalbar. Ki duba lambar NAFDAC, ki duba ranar da aka yi shi da ranar da wa'adinsa zai ƙare, sannan ki ga ko wadda ke jikin kwalba ta yi daidai da ta jikin katan. Ki sa babban yatsa ki murza rubutun kwanan watan. An taɓa kawo mini kaya a farashin da ya sa na yi zargi, da na murza sai tawada ta biyo yatsana, ga inuwar tsohuwar lamba a ƙasa. Ban sauke ko katan ɗaya ba. Araha ba ta ado, in kin ga an karya miki kuɗi sosai to ko dai saura kwanaki ya mutu, ko ya sha rana.

Maganar rana ita ce babba. Kayan nan daga Legas suke tahowa a tirela, kwana da kwanaki a hanya, wani ya zo ya jibge su a bakin shago. Katan ɗin da launinsa ya koɗe a gefe ɗaya, ki bar shi. Ki ce a ɗauko miki daga can cikin sito, na ƙasa. Kuma kada ki sayi katan goma ba ki sha ba. Sayi kwalba ɗaya ɗaya iri uku, Eva ko Pure Heaven ko Chamdor ko duk wanda kika samu, ki sanyaya, ku sha a gida. Wani farin ya fi masa, wani jan. Maganar tashin kuɗi gaskiya ce, gab da azumi da Sallah da ƙarshen shekara kaya suna motsawa. Amma in kina da wanda kika yarda da shi, ki biya yanzu ya rubuta miki rasit, ki ɗauki sabon kaya saura mako biyu biki. Da yawa haka suke yi da ni.

Malama Uwani, Rijiyar Zaki

Bari in ɗan sa baki, don kimiyyar abinci na karanta. Abin da ke rikita mutane shi ne kwalaben kama ɗaya suke yi alhali abu uku ne.

Akwai ruwan inabi da bai taɓa tsima ba, an dafa shi sama-sama don a kashe yis da ƙwayoyin da ke cikinsa, an cusa masa gas, an rufe. Mafi yawan abin da muke sha a biki shi ne wannan. Dabarar tsohuwa ce, a 1869 wani likitan haƙori a Amurka mai suna Thomas Welch ya yi amfani da hanyar Louis Pasteur ya hana ruwan inabi zama giya, don cocinsu su samu wanda babu maye. Akwai kuma wanda an bar shi ya zama giya tukuna, sannan aka zuƙe barasar da inji. Irin wannan sau da yawa yakan rage da ɗan abin da bai wuce 0.5% ba. Na uku giya ce tsagwaronta, ita ce za ki ga 12% ko 13% a jiki.

Na farkon ba shi da abin da zai gyaru da daɗewa. Ranar da ya fito daga kamfani ranar ce ya fi kyau, daga nan gangara yake yi, zafi kuma yana tura shi. Sukarin ciki ya yi duhu, ƙamshin inabi ya gudu, gas ya sulale ta murfi. A watan Afrilu Kano tana haura digiri 40, to ki ƙiyasta ɗakin da ke ƙarƙashin kwano. Wata huɗu a ɗakin ƙasa mai duhu, a kan katako, nesa da kicin, zai kai in wa'adinsa da saura. A sitonki na sama kuwa, Yaya, ban ba ki shawara ba.

Wajen ƙimar kuɗi ki karanta jerin abin da aka haɗa. Ƙa'ida ita ce a fara rubuta abin da ya fi yawa. In kin ga ruwa ne farko, sukari na biyu, inabi can baya tare da kala da ƙamshi, to lemon kwalba kika saya da kuɗin wayin.

Baba Yohanna, Sabon Gari

'Yata Maman Sadik, mijinki bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɗauko maganar wani abu ya ɗora wa wani. Na yi aikin otal a Legas shekaru da dama, ni ke riƙe da makullin ɗakin da ake ajiye na barasar. Ɗakin nan ba taga, na'urar sanyi ba ta mutuwa dare da rana, muna riƙe shi wajen digiri 13. Kwalabe a kwance suke don toshiyar ta zauna a jiƙe, in ta bushe iska ta shiga shi ke nan. Barasar da tsamin da ɗacin ɓawon inabi su ke riƙe shi shekaru. Kuma ko a can, kaɗan ne ake ajiyewa, irin jan da ake kawowa daga Bodo ta Faransa. Sauran duka cikin shekara ɗaya zuwa uku ake shanye su. Wanda kuke saya na biki ba shi da barasar da ke riƙe wancan. Ni da na daina sha tuntuni, na Kirsimeti marar barasa nake saya, kuma ranar 20 ga Disamba nake sayensa.

Abu Hanif, Hotoro

Baba Yohanna mun gode. Ni abin da ya same ni ya fi na Hajiya Babba muni. Wani abokin aiki ya aiko mini da kwandon kyauta daga Abuja, da biskit da madara da kwalba biyu. Na miƙa wa yara suka sa a firij. Allah ya taimake ni da daddare na ɗauko don in buɗe, idona ya faɗa kan wani ɗan ƙaramin rubutu a ƙasan takarda, 11.5%. Zanen inabi iri ɗaya, takardar wuya iri ɗaya da wanda muka saba. A nan Kano tun da aka ƙaddamar da Shari'a a 2000, ga kuma Hisbah, mun saki jiki cewa duk abin da ke kan kanta halal ne, to kayan da ya shigo daga wani gari ba haka yake ba. Yanzu ko me aka rubuta da manyan baƙaƙe, ƙaramar lambar nake nema. In ban ga 0.0% ba, ko ban ga an rubuta ruwan inabi ne zalla ba, ba na saye. Wanda aka cire wa barasa daga baya malamai sun yi saɓani a kansa, kowa ya tambayi malaminsa, ni dai na bar shi.

Wani abu kuma da malaminmu ya tuna mana. A Sahihu Muslim, Ibn Abbas ya ruwaito cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi, ya sha ranar da washegari da jibi zuwa yamma, abin da ya rage a bayar a shanye ko a zubar. Kwalbar da aka buɗe ma haka nake yi mata, ba ta wuce kwana uku ko da a firij ne.

Maman 'Yan Biyu, Sharaɗa

Kwana uku ma in da wuta ke nan. Na sayi inabin Kudan ta jihar Kaduna a 'Yan Lemo, kwando guda, na ce ni ma zan yi nawa. Na markaɗa, na tace, na ɗura a tsofaffin kwalaben wayin na toshe gam. Aka ɗauke wuta kwana biyu. Cikin dare muka ji ƙara kamar tayar Adaidaita ta fashe, maigida ya fito da tocila yana salati. Firij gaba ɗaya ya yi ja, ga wani wari kamar kunun ayar da ya wuni. Tun daga nan in na matse, a robar da ba a cika ba nake zubawa in daskarar.

Malama Uwani, Rijiyar Zaki

Maman 'Yan Biyu sannu. Yis ɗin da ke jikin ɓawon ne ya samu sukari da ɗumi, ya fara aikinsa, gas ya rasa hanya. In za ki sake, ki ɗora shi a wuta ya yi zafi sosai kafin ki ɗura. In kin ga wasu 'yan duwatsu kamar gishiri a gindin robar bayan ya yi sanyi, ba lalacewa ba ce, daga tsamin inabin suke, tacewa kawai za ki yi. Af, na manta, a kula da iyaye masu ciwon sukari. Ruwan inabi zalla yana da sukari wajen giram 15 a kowane mililita 100, kofi ɗaya ba wasa ba ne.

Anti Mai Girkin Biki, Tarauni

Ƙanwata, ni tambayata katan goman ma na mene ne? Sana'ata ke nan, na ga ƙarshen kwalaben nan. Kwalba mai santilita 75 ƙananan kofi biyar ko shida take bayarwa, amma rabinsu ba a wurin ake sha ba. Kina juya baya sun shige jaka. Na taɓa jera arba'in a wata dina, da aka tashi na ƙirga murafe goma sha uku kacal a ƙasa. Yanzu dokata ita ce yarana su buɗe a gaban baƙo su tsiyaya, kuma teburin iyaye da na ango da amarya kawai. Sauran jama'a zoɓo mai citta da kanumfari da abarba, mai ƙanƙara, da kunun aya wanda aka yi da safen. Wallahi zoɓon ake nema ƙari. Ki sa kwalaben a cikin kula mai ƙanƙara tun azahar, don wayin mai ɗumi ko na nawa ne zaƙi kawai za a ji. In kuma abin ajiyewa kike so ki zuba kuɗinki a kai yanzu, ga sukari, ga busasshen zoɓo, ga aya da dabino, su ne wata huɗu ba ya yi musu komai.

Maman Sadik, Gwammaja

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa maigida na Baba Yohanna da na Hajiya Babba, ya yi dariya ya ce a mayar katan uku. Jiya na shiga Singa na sayo kwalba uku iri daban-daban, na murza kwanan wata kamar yadda aka ce, mai shagon yana kallona yana tambaya ko ma'aikaciyar NAFDAC ce ni. Farin ya fi yi mana, surukata ta ce jan ya cika zaƙi. Anti, zan neme ki kan maganar zoɓon, mutum ɗari uku muke sa rai, buhu nawa na ƙanƙara zan tanada?